Haƙƙin Abin Da Hannu Ya Tono

Tambayar da muke so mu tattauna da mai karatu tsohuwa ce: shin ya dace mutum ya kashe abu mai rai don nishaɗi kawai, alhali ba yunwa ce ta kora shi ba? Mafarauci da masunci masu neman abin sakawa a bakin salati ba sa cikin wannan tambaya, domin buƙata ta riga ta ba su uzuri. Wanda muke magana a kansa shi ne ƙosasshe, mai albashi, wanda abinci ke jiransa a gida, amma ya kwashi iyalinsa ya tafi neman abin da zai kashe don ya ji daɗin hutunsa. Don kada maganar ta tsaya a iska, za mu ɗauko misali guda daga wata ƙasa mai nisa, mu jujjuya shi mu gani.

A arewa maso yammacin Amurka akwai wata jiha a bakin Tekun Fasifik mai suna Washinton, wadda ta yi tarayya da babban birnin ƙasar a suna kawai. A cikin rairayin gaɓarta akwai wata halitta mai ɓawo biyu, dangin makankarin da ake tsinta a bakin kogunanmu, sai dai ita doguwa ce, takan kai inci 6. Ɓawonta ya yi kama da askar Turawan da, irin wadda ake naɗewa, shi ya sa mutanen wurin suka laƙaba mata sunan aska. Mu ma sai mu ce makankarin aska. Namansa abin marmari ne a wurinsu, suna soya shi, suna kuma yin miya da shi.

Ruwan teku yakan cika ya janye sau biyu a yini, saboda jan da wata yake yi masa. Idan ya yi janyewa mai nisa, sai fili ya buɗe, dubban mutane su sauko gaɓoɓi irin su Long Beach da Copalis da Mocrocks, maza da mata da yara, kowa da bokitinsa. A lokacin sanyi janyewar da ake haƙa a cikinta takan faɗo da dare, sai a fito da fitilu. Mai haƙa yana duba ɗan loɓawa a kan jiƙaƙƙen rairayi, kamar an dangwala yatsa, wadda ita ce alamar makankari yana ƙasa. Daga nan sai ya sa siririn shebur, ko kuwa ya danna wani bututu cikin rairayin, ya toshe 'yar ƙofar iskar da ke samansa da babban yatsa, ya zaro shi da abin da ke ciki. Tilas ya yi sauri, domin makankarin yana jin motsi zai ƙara nutsewa. Wannan tsere tsakanin hannu da abin da ke gudu shi ne daɗin wasan.

To, hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ita ke sanya ranakun haƙa, kuma sai da lasisi baligi yake shiga. A bisa al'ada kowane mutum guda 15 aka yarje masa a rana, kowa kuma da mazubinsa daban. Amma sharaɗin da ya ja hankalinmu shi ne wannan: dole mai haƙa ya riƙe guda 15 na farko da ya tono, manya ne ko ƙanana, lafiyayyu ne ko fasassu. Ba shi da izinin mayar da ƙarami cikin rami don ya nemi babba.

Da jin wannan, mai karatu zai iya cewa ai dokar a baibai take. Abin da muka sani a wajen su shi ne a saki ƙaramin kifi ya girma, shi ya sa ma ake ƙyamar koma mai ƙananan idanu. Me zai sa a tilasta wa mutum ya tafi gida da ɗan jariri? Amsar tana jikin halittar kanta. Ɓawon makankarin aska siriri ne, mai saurin fashewa, kuma bakin shebur ko na bututu yakan datse wuyansa. Wanda aka ji wa irin wannan rauni aka yar, galibi mutuwa yake yi, ko tsuntsayen teku su cinye shi. Saboda haka mutumin da ya tono 30, ya zaɓi kyawawa 15, yana iya zama ya kashe kusan ninkin rabonsa, alhali kuwa bokitinsa bai nuna laifin komai ba. Abin da ya kira saki, a gaskiya yasarwa ce.

A nan muke ganin amsar tambayarmu ta fara fitowa. Aibin da ya fi kusa da mai nishaɗi shi ne tsirfa. Mayunwaci ba ya raina abin da ya samu: ƙarami abinci ne, fasasshe ma abinci ne. Ƙosasshe kuwa abin da yake nema shi ne wanda zai ɗaga a ɗauke shi hoto, ya nuna wa abokai. Idan aka bar shi da son ransa, duk abin da bai cika masa ido ba zai watsar, kuma ba zai ƙidaya shi cikin abin da ya kashe ba. Wannan doka ta ƙi yarda da irin wannan lissafi. Tana ce masa: duk abin da hannunka ya tono ya zama naka, da kyansa da muninsa, ka kai shi gida ka wanke ka ci. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi daɗin haƙa, ya karɓi nauyin abin da haƙar ta haifar.

Akwai masu cewa wannan duk kwaskwarima ce, tunda rai dai an kashe shi, ko an ci ko an yar. Ba mu raina wannan magana ba, kuma wanda ya zaɓi ya bar wasan gaba ɗaya ba mu da ta cewa a kansa. Sai dai muna ganin bambancin yana nan. Abin da aka kashe aka ci ya shiga hanyar da rayuwa take bi tun fil azal, inda wani yake zama abincin wani. Wanda aka kashe aka yar kuwa, an mayar da ransa kayan wasa, kamar dutsen dara. Bugu da ƙari, mutumin da ya san cewa duk abin da ya fasa shi zai ci, zai koyi haƙa da natsuwa, ya daina sara da gaggawa. Ashe ke nan dokar tana gyara hannu, kuma ta hanyar hannun tana gyara hali.

Sannan akwai haƙƙin wasu mutane a cikin lamarin. Tun kafin zuwan Turawa, al'ummar Quinault, 'yan asalin wannan gaɓa, suke haƙar makankari don ci, kuma har yau sana'a ce a wurinsu. A shekarar 1994 wani alƙalin kotun tarayya, Edward Rafeedie, ya yanke hukuncin cewa yarjejeniyoyin da gwamnatin Amurka ta ƙulla da ƙabilun yankin a tsakiyar ƙarni na 19 sun haɗa da halittu masu ɓawo, kuma suna da haƙƙi har zuwa rabin abin da za a iya ɗiba. Wato a wasu gaɓoɓin, rairayi guda ne mai hutu da mai neman abinci suke tonawa. Duk makankarin da mai hutu ya fasa ya yar, daga rumbun da suke tarayya a kansa ya fita.

Bambancin mutanen nan biyu yakan fito fili idan aka rufe gaɓa. A shekarar 1991 aka fara gano wata guba a jikin makankarin jihar, wadda wasu ƙananan tsirran teku suke haifarwa, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tun daga lokacin ana gwaji kafin a buɗe haƙa, an kuma sha rufewa, kamar yadda aka yi a 2015. A irin wannan lokaci mai nishaɗi hutun mako ya rasa, shi kuwa mai sana'a kuɗin cefane ya rasa. Wanda asararsa ta fi sauƙi, shi ya fi cancanta ya kame hannunsa.

Babu shakka ma'aikatan hukuma ba za su iya tsayawa a kan kowane rami ba, musamman cikin duhu, a gaɓa mai tsawon mil da yawa. Mutum yana iya tura ɗan ƙaramin makankari da ƙafa ya rufe da rairayi, ruwa ya dawo ya shafe sawun, babu wanda zai sani. Don haka a ƙarshe dokar ta dogara ne ga amanar mai haƙa shi kaɗai, a lokacin da ya duba tafin hannunsa ya ga abin da bai so ba.

Ra'ayinmu dai shi ne, nishaɗin da ya shafi rai yana da wurin zama a rayuwar ɗan Adam, bisa sharaɗin mai yinsa ya amsa sunan duk abin da ya kashe, ya kuma tsaya inda rabonsa ya ƙare. Ma'aunin nan bai tsaya ga masu haƙar makankari ba, ya hau kan mai ƙugiya da mai bindigar farauta, har da yaro mai danƙo a gindin bishiya. Kafin a yaba wa mutum da abin da ya kawo gida, ya kamata a tambaye shi abin da ya bari a baya.