Kuɗin Da Aka Ba Dillalin Bashi Kafin Bashi Ya Fito, Na Wane Ne?

A wannan mako za mu ɗan dakata da bayanin da muke yi game da zakkar hatsi, saboda wata matsala da aka kawo mini har gida, wadda kuma na tabbata ba mutum guda ta shafa ba a ƙasar Kafur da kewayenta.

Wani tsohon ɗalibina ne, manomin masara a wani ƙauye na Kafur, ya zo mini bayan sallar La'asar, ya ce tun kafin saukar ruwan fari wani mutum ya yi masa alkawarin zai samo masa bashin noma na naira 500,000 daga banki, amma da sharaɗin ya fara ba shi naira 30,000, wai kuɗin buɗe fayil da zirga-zirga. Ya sayar da akuya ya cika kuɗin. Aka yi shuka, aka yi noman fari, lokacin zuba taki na biyu ya zo ya wuce, bashi shiru. Da ya je ya ce ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, sai mutumin ya ce abin da ya shiga ba ya fita, kuma ai Musulmi ba ya saɓa alkawari. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta hana yaron barci. Ya ce mini, "Malam, ni ba kuɗin ne suka fi damuna ba. In na matsa sai ya biya ni, na ci amana ke nan?"

Lalle tambayar ta fi kuɗin nauyi, domin an ɗauki addini an sa masa takunkumi da shi. Amma kafin mu amsa sai mu san me kuɗin nan suka saya.

Dillanci dai sana'a ce halaltacciya, kada wani ya fahimci wannan rubutu a kan sukar dillalai. Imamul Buhari ya ƙulla babi musamman a kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin karɓarsa ba. Duk wanda ya taɓa kai buhu kasuwar Funtua ko ta Malumfashi ya san in ba dillali, da baƙo ya sha wuya, la'adarsa kuwa guminsa ce. Har a kan samo bashi ma, Ibn Ƙudama ya kawo a cikin Almugni cewa Imamu Ahmad ya halatta mutum ya ce wa wani ya samo masa rancen ɗari ya ba shi goma, domin lada ne a kan aiki, amma ya hana karɓar lada a kan tsaya wa mutum lamuni.

To, irin wannan ƙulli shi malaman fiƙihu ke kira ju'ala, watau ka sa lada a kan cikar wani aiki wanda ba a san ko zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Asalinsa yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 72, inda aka yi shelar kayan raƙumi guda ga duk wanda ya kawo ma'aunin sarki. Ku duba da kyau, wanda ya kawo aka yi wa alkawari, ba wanda ya ce zai nema ba. Saboda haka ne a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren karatu a ƙasar nan da ba a biya ta, aka bayyana cewa mai aikin ju'ala ba shi da kome sai ya kammala aikin.

Malaman Malikiyya ba su tsaya nan ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an hana a shardanta biyan ladan tun kafin aiki, kuma dalilin da masu sharhi suka bayar dalili ne mai kyawun gaske, na so a ce ɗalibanmu suna tsayawa a kansa maimakon haddace shi kurum. Suka ce kuɗin da aka riga aka miƙa suna lilo ne tsakanin abu biyu. In aiki ya cika sun zama lada, in bai cika ba sun zama rance, alhali mai karɓa ya riga ya juya su ya amfana da su. Dukiya kuwa ba a barinta ta kwana a hannun mutum ba a san sunanta ba. Wannan fa a kan dillalin da ya yarda zai mayar in abu bai yiwu ba ke nan. To, ina ga wanda ya ce ko bashi ya fito ko bai fito ba, kuɗi nasa ne? Wannan ya fi kama da kafin alƙalamin da ba a mayarwa, wanda Imamu Malik ya kawo haninsa a cikin Muwaɗɗa, don cin dukiya ne ba a bakin kome ba. Gaskiya ne Hambaliyya sun halatta kafin alƙalami a ciniki, amma a can akwai haja a ajiye wadda mai ita ya hana wa wasu masu saye. A nan me dillali ya ajiye? Bashin ba nasa ba ne, ba shi ne mai sa hannu ba. Abin da ya sayar wa manomin nan sa rai ne kawai.

Da wannan na ce wa ɗalibina ƙullin nasu ɓatacce ne tun ranar da aka yi shi, ɓataccen ƙulli kuwa warware shi ake yi, ba a kiran warwarewar saɓa alkawari. Umurnin cika alkawari da ke farkon Suratul Ma'ida yana kan alkawarin da Shari'a ta amince da shi ne.

Sai dai kada manoma su ji wannan su ɗauka an ba su wuƙa da nama. Da a ce ba a shardanta biya a gaba ba, an dai yi magana cewa ranar da bashi ya fito dillali yana da kaza, to kowannensu yana da ikon fasawa kafin a fara aiki, amma da zarar dillali ya fara, mai nema ba shi da wannan iko kuma, a mazhabar Malik. Na san mutanen da sai sun ji ƙishin-ƙishin suna ya fito sannan su ce sun fasa, su zagaya ta baya su karɓi kuɗinsu don su kuɓuce wa la'ada. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma talauci ba ya wanke shi. Haka nan in ijara aka yi, watau ka ɗauki mai ilmin boko ya cika maka takardu, ya kai su Katsina ya dawo, a kan lada sananne, to ya ci ladansa ko banki ya ba ka ko ya hana, don aikin da ka saya an yi shi.

Akwai wani gefe kuma da ba a son faɗa. Da yawa daga masu wannan harka ba wani aiki suke yi ba, abin da suke tallatawa shi ne sun san wani a ciki. Wannan shi ne kuɗin alfarma, wanda malamanmu suka jera shi da rance da lamuni a matsayin abubuwan da ake yi don Allah kaɗai. Wasu sun haramta shi ɗungurum, wasu sun karhanta, wasu kuma suka rarrabe, suka ce in mai alfarmar ya yi tafiya ya kashe kuɗi to ya karɓi daidai wahalarsa, abin da ya ƙaru haram ne. Abu Dawuda ma ya ruwaito hadisin Abu Umama, Allah ya yarda da shi, wanda ya sanya karɓar kyauta a kan ceton ɗan'uwa cikin manyan ƙofofin riba. In kuwa bashin da ake nema mai ruwa ne, to magana ta ƙare tun daga tushe, dillali da mai nema duk sai su tuba, ko da yake wannan ba ya halatta wa dillali riƙe kuɗin.

Abin da ke jefa mutanenmu hannun irin waɗannan ba ɓoyayye ba ne. Tun shirin raya aikin gona na Funtua na 1975, wanda Bankin Duniya ya tallafa, masara ta mamaye wannan yanki, masara kuwa ba ta yi sai da takin zamani, takin kuma sai da kuɗi a hannu a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Duk sa'ad da gwamnati ta buɗe wata ƙofar rance, kamar shirin ba manoma bashi da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, ko bashin naira biliyan 50 na lokacin annobar korona a 2020, sai masu tsayawa a bakin ƙofa su ɓullo. A 2020 har sai da Babban Bankin Nijeriya ya fito ya yi shelar cewa ba a biyan ko kwabo don neman wancan bashi. Amma shelar da aka yi da Turanci a Abuja, yaushe za ta kai ga mutumin da ko sunansa sai an rubuta masa?

Ni malamin Larabci ne ba alƙali ba, saboda haka ban ce wa yaron ya kai ƙara ba, na ce ya ɗauki limaminsu da dattijo guda su je su zauna da mutumin. Bisa ƙa'ida dai dillalin ba shi da kome tunda aiki bai cika ba. Amma ra'ayina, a matsayin sulhu, shi ne ya lissafa abin da ya kashe da gaske, kuɗin mota zuwa Malumfashi da na hoto da na buga takardu, a bar masa wannan don kada gaba ta shiga tsakanin gidaje biyu, sauran ya mayar.

Sun je ranar Juma'a. Lissafinsa bai kai naira 6,000 ba, kuma ya amsa a gaban liman cewa mutum goma sha ɗaya ya karɓi kuɗinsu a ƙauyen nan kaɗai. Ya roƙi a yi masa jinkiri zuwa kaka, aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Sauran goman har yau ba wanda ya je, wai kunya suke ji. Wallahu a'alamu.