Kunyar Mai Koyon Turanci

Cikin halayen da Hausawa su ke yabo ga ɗan Adam da wuya a sami wanda ya kai kunya daraja. Da ita a ke gane yaron da ya sami tarbiyya, da ita amarya ta ke zama lafiya a gidan surukai, saboda ita kuma uwa ta ke ƙin ambaton sunan ɗanta na fari. Malamai sun karantar da cewa kunya wani yanki ne na imani, shi ya sa in aka ce wa mutum marar kunya an gama zaginsa. Amma akwai wuri guda inda ya kamata a tsaya a duba wannan hali da kyau, watau wajen koyon harshen da ba a haifi mutum cikinsa ba. Mutane da yawa sun yi shekara shida, waɗansu goma sha biyu, suna karatun Turanci a makaranta, suna iya karanta takarda su gane abin da ta ƙunsa, amma in aka ce su buɗe baki su yi magana sai harshe ya ɗaure. In an tambaye su dalili sai su ce kunya su ke ji, kada su yi kure a yi musu dariya. To, abin tambaya shi ne, wannan abin da su ke ji kunyar nan ce da a ke yabo, ko kuwa wani hali ne dabam ya ari rigarta?

Mai neman amsa ya kyautu ya fara da unguwar Nasarawa ta Kano, gabas da ganuwa, inda aka keɓe wa manyan ma'aikatan Gwamnati wurin zama, gama a nan ne Hausa da Turanci suka daɗe suna gamuwa. Turawa sun ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903. Cikin 1909 wani Bature, Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, ya buɗe makarantar boko ta Gwamnati a Nasarawa, ita ce ta farko a Arewa. Kafin wannan, cikin 1906, ya ƙetare Sahara tare da ayari daga Tarabulus har Barno. Ya iya Hausa har mutane suka sa masa suna Ɗan Hausa, gidansa na ƙasa kuwa yana nan tsaye da wannan suna har yau.

Babu baƙon da ya ke kai wa wannan matsayi sai ya sha tuntuɓe. Hausa tana da wuya ga Bature. Bakinsa ba ya rarrabe kafa da ƙafa, kunnensa kuma ba ya jin bambancin gashi na kai da gashi na nama. Duk da haka Gwamnati ta ɗora wa joji-joji cin jarrabawar harshen ƙasa kafin su sami ci gaba a aiki. Suka yi ta kwaɓa Hausa a gaban hakimai da dogarai, ana sauraro da ladabi, in sun ba da baya a kwaikwaye su a yi dariya. Dariyar ba ta hana su ba, domin sun gane cewa mai mulkin da ba ya jin abin da a ke faɗa a gabansa, wani ne ke mulkinsa.

Ta ɗaya gefen kuwa, makarantar Ɗan Hausa da Hausa ta ke koyarwa, saboda haka Turanci ya daɗe yana hannun 'yan kaɗan. Talakan da ya kawo kuka gaban Di'o, maganarsa sai ta bi ta bakin tafinta. In ya ce, "Ranka ya daɗe, gonar nan ta ubana ce," ba shi da hanyar sanin ko haka aka isar, ko an rage, ko an ƙara gishiri. Akwai tafintoci masu amana, amma ko mai amanar ne, wanda ba ya jin harshen ba zai iya shaidar amanarsa ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ayyukan akawu na reluwe da na kamfanoni yawancinsu suka faɗa hannun mutanen da suka zo daga kudu suka zauna Sabon Gari, don su ne ke da harshen. Sai wajen shekarun 1950, da mulkin kai ya ƙarato, shugabannin Arewa suka tashi haiƙan neman 'yan ƙasa da za su riƙe ofisoshi.

A gidajen Nasarawa na wancan zamani akwai wani abin lura. Kuku da boyi da mai gadi, waɗanda ba su taɓa zama a aji ba, sun kan tsinci Turanci da kunne, karyayye ne, amma yana biya musu bukata a kicin da kanti. Akawun En'e kuwa, mai takardar Midil, wanda ya ke rubuta wasiƙa tsaf babu gyara, ya kan tsaya gaban Bature gumi na keto masa, ya kasa haɗa kalma biyar. Ba kaifin ƙwaƙwalwa kukun ya fi shi ba. Abin da ya raba su shi ne, kuku ba shi da wani girma da ya ke tsoron zubarwa, akawu kuwa an riga an kira shi malam, yana gudun a ji malam ya yi kure.

Daga nan a ke gane asalin abin. Kunya ta gaskiya tana hana mutum aikata abin ƙi da cin mutuncin wani. Wannan kuwa ba ta hana kowane mugun aiki, gama kure cikin baƙon harshe ba zunubi ba ne, ba ya kuma cutar kowa. Abin da ta ke tsarewa kaɗai shi ne kada mutane su san cewa akwai abin da wane bai iya ba. Wanda ya gwammace ya zauna da rashin sani da a gan shi yana koyo, girman kai ke damunsa, ko da ya sunkuyar da kai ƙasa. Magabata sun riga sun haɗa su wuri guda. An ruwaito daga Mujahidu, ɗaya daga cikin manyan tabi'ai, cewa mai jin kunya da mai girman kai duka biyu ba su samun ilimi. Nana A'isha kuma ta yabi matan Madina don kunya ba ta hana su tambaya a kan addini ba. Game da koyon harshen waɗansu mutane kuwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, don kada wasiƙunsa su dogara ga wanda ba a amince da shi ba, Zaidu kuwa ya koya cikin wajen rabin wata.

Amma fa ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan mai koyo. Dariyar da ya ke tsoro tana nan, tana kuwa da zafi. Abin mamaki, ba mai harshen ne ya fi yin ta ba, ɗan'uwa ne wanda ya riga shi da taki biyu kawai. Wanda ya yi wa mai koyo ba'a har ya rufe bakinsa, ya tare masa hanyar abinci, ko da ya ke shi yana ganin wasa ya yi. In akwai wanda kunya ta wajaba a kansa cikin su biyun, to, mai dariyar ne.

Ya kamata kuma mai koyo ya san kuren nasa yana da dalili, ba wauta ba ce. Hausa ba ta raba p da f, Turanci kuwa ya raba su, har ma'ana ta kan sāke saboda su. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali a tsakani, shi ya sa kalmomin da aka aro suka zama burodi da sukurudireba. Bugu da ƙari, haruffan Turanci 26 ne, amma sautukansa sun kai wajen 44, rubutunsa kuma ba ya bin lafazi sau da ƙafa kamar yadda rubutun Hausa ya ke yi. Saboda haka littafi shi kaɗai ba ya koya wa mutum faɗar harshen, sai kunne ya ji, baki ya gwada, wani ya gyara.

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san dabarar. Almajiri ba ya karatu a zuci. Malam ya biya, shi ya maimaita da ƙarfi, a gyara masa a gaban kowa, ba kuwa ya wanke allo sai abin da ke kai ya zauna. Haka mai neman Turancin yau da kullum zai yi. Ya ɗauki kaɗan kowace rana, jimla ɗungum maimakon kalmomi warwatse, ya fara da abin da bukatarsa ta ke kai, watau maganar asibiti da banki da wurin aiki. Ya saurari labarai a rediyo da Hausa, sa'an nan ya saurare su da Turanci, tun da ya riga ya san abin da za a faɗa. Ya karanta jarida da murya. Ya nemi aboki guda mai haƙuri, su yi alkawarin gyara wa juna ba dariya. Gemu ba ya hana ilimi.

Waɗansu su kan ce suna gudun Turanci ne don kada ya raba su da asalinsu, gama sun ga masu ɗan abin da suka tsinta suna yi wa iyayensu yanga da shi. Wannan ma girman kan ne, ya ɓullo ta wata ƙofa, ba laifin harshen ba ne. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, ta shahara da horon baki wajen Turanci. A can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, shi ne kuwa ya rubuta Shaihu Umar da Hausa cikin 1934, shi ne kuma ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Oktoba na 1960 ya yi magana da yawun Nijeriya ba tafinta. Abubakar Imam ma ɗan kwalejin nan ne, Turancinsa bai hana shi zama gwanin Hausa ba.

Turawan Nasarawa sun tafi, En'e ma an rushe ta, amma har yanzu da Turanci a ke rubuta takardar magani, da yarjejeniyar filaye, da shari'ar manyan kotuna, ba a kuma shiga jami'a sai an ci shi. Uban da ba ya iya tambayar likita abin da ke damun ɗansa yana nan inda talakan nan ya tsaya gaban Di'o. In rashin hali ne ya hana shi koyo, ba shi da laifi. In kuwa gudun dariya ne, to, ya sayar da hakkinsa da na iyalinsa don kada a ce bai iya ba, alhali kuwa kowa da koyo ya iya. Allah ya ba masu koyo ƙarfin zuciya, ya ba waɗanda suka iya haƙurin gyara.