Bakin Kogi Na Wane Ne?

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malala cikin Maiduguri har Gwange da fadar Shehun Borno, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Wannan masifa ta bar wa lamiri tambaya: daidai ne mutum ya yi gini har bakin ruwa don yana riƙe da takardar fili?

Littafin Firistoci sura 19 ya umarci manomi kada ya girbe gefen gonarsa, saboda matalauta da baƙi. Gonar tasa ce, duk da haka maƙwabci yana da rabo a cikinta. Haka gaɓar kogi take. In an bar ta fili, an dasa darbejiya, an fitar da hanyar ƙafa, da rani yara da tsofaffi za su sha inuwa, da damina kuwa ruwa ya sami wurin bazuwa.

Sai dai talaka yakan zauna a gaɓa ne don rashin wurin zuwa. Wajibi ne hukuma ta ba shi matsuguni kafin ta tashe shi, gama shi ne farkon mai rabo a gefen gona.