Kuɗin Leda da Lamiri

A shekarar 2002 ƙasar Ireland ta sa harajin santi 15 a kan kowace ledar kanti. Nan da nan amfani da leda ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, mutane suka koma zuwa sayayya da jakarsu.

'Yan'uwa, da can ba su san leda na ɓata ƙasa ba ne? Sun sani. Abin da lamiri ya kasa, ɗan kuɗi ya yi.

Mu ma mun san leda na toshe kwata, tana kashe awaki. Allah ya sa Adamu ya kula da gonar Aidan (Farawa 2:15). Sai an taɓa aljihunmu za mu yi gaskiya?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka farkar da lamirinmu, cikin sunan Yesu. Amin.