Mai Bi a Garin da Ba Shi da Rinjaye

Karatu: Irmiya 29:4-7, 1 Bitrus 2:11-17

'Yan'uwa, wanne ya fi wa bangaskiya amfani: zama inda kowa ke bin addininmu, ko zama inda mu kaɗan ne? Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarni na 11, masu bishara kuwa sai a 1923 suka isa Garkida. Saboda haka mai bi a Wulari yana zaune tsakanin maƙwabta waɗanda suka fi shi yawa. A watan Yuli na 2009 'yan Boko Haram suka ƙone majami'ar EYN ta Wulari. Daga baya takobinsu bai bar Musulmi ba.

Kowane zama da irin jarabarsa. Inda muka yi yawa, bangaskiya takan koma al'ada kurum, mu kuwa mukan danne baƙo ba tare da mun sani ba. Inda muke kaɗan, takan tsarkaka kamar zinariya cikin wuta, amma tsoro da ɗacin rai suna fako a bakin ƙofa.

Irmiya bai umurci kamammu na Babila su ƙi garin ba, bai kuwa ce su bi allolinsa ba. Ya ce su zauna, su yi masa addu'a. Hanyarmu ke nan: riƙon gaskiya ba shakka, ƙaunar maƙwabci ba riya.

Tambaya: Da a ce mu ne masu rinjaye a Maiduguri, za mu ba maƙwabcinmu abin da muke roƙo a gare shi yau?