BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: ADDU'A A LOKACIN WUYA DA LOKACIN DAƊI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai jin kukan bawa a cikin duhun dare, wanda ba ya gajiya da roƙon masu roƙo. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Akwai wata ɗabi'a tamu da muke so mu tsaya a kanta a wannan fitowa, kuma da kanmu za mu fara kafin mu nuna wa kowa yatsa. Idan sakamakon jarrabawa ya kusa fitowa, ko an ba ɗayanmu ranar zuwa ofishin jakadanci neman biza, ko an kwantar da mahaifiyarmu a asibiti, sai ka ga mun riga ladan zuwa masallaci da asuba. Tasbaha ba ta barin hannunmu, kowane malami muka gamu da shi sai mu durƙusa mu ce, "Malam, a sa mu a addu'a." To amma da zarar takarda ta yi kyau, ko biza ta fito, ko an sallamo Hajiya ta dawo gida, shi ke nan, sai gurbinmu a sahu ya koma hannun tsofaffi. Mu kuwa muna can wajen zaman shayi muna gardamar ƙwallo har ladan ya kira ya gama.

Wannan hali ba a kanmu ya fara ba. Allah Maɗaukakin Sarki ya riga ya siffanta shi a Suratu Yunus, aya ta 12, inda ya ba da labarin mutumin da cuta ta shafe shi, yana kiran Ubangijinsa a kwance da a zaune da a tsaye, amma da aka yaye masa sai ya wuce abinsa kamar bai taɓa roƙon komai ba. A Suratul Ankabut kuma, aya ta 65, aka kawo misalin matafiya a jirgin ruwa, waɗanda suke kiran Allah shi kaɗai da zuciya ɗaya muddin suna tsakiyar teku, da an fitar da su tudu kuwa sai su koma gidan jiya. Wannan aya ba ta bukatar dogon tafsiri a zango. Wane ne a cikinmu bai san wani ɗan unguwa da ya bi ta Agadas ya keta sahara zuwa Libiya, ya shiga kwalekwalen roba ya nufi Italiya ba? Waɗanda suka tsira su suke ba mu labari da bakinsu cewa a cikin ruwan nan babu mai kiran uwa ko uba ko mai gida, kowa Allah yake kira. Tambayar da ta rage ita ce, shekara ɗaya bayan isa, nawa ne a cikinsu suka san alƙiblar ɗakin da suke kwana?

ABIN DA ZANGO YA GANI

Iyayenmu da kakanninmu sun ga wuyar da mu ba mu gani ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu kwana 14 su bar ƙasar Ghana, kuma zangogi suna cikin wuraren da abin ya fi daka. Mutanen da aka haifa a nan suka karyar da kayansu, suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 kuma fari da gobarar daji suka cinye gonaki, ga kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya sun dawo a farkon shekarar, yunwa ta shiga gida gida. Ku zauna da dattawan unguwa ku tambaye su abin da suka riƙe a waɗannan shekaru. Za su gaya muku cewa da ƙarfi ya ƙare, dabara ta ƙare, ƙofar Allah kaɗai suka samu a buɗe.

Mu ma mun ɗanɗana namu. A ranar 15 ga Maris 2020 aka hana taruwar jama'a saboda annobar korona, masallatai suka rufe, ba a buɗe su ba sai 5 ga Yuni. Azumin wannan shekara ya zo ya wuce babu tarawihi a jam'i, aka yi ƙaramar salla babu fita idi. Daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, har Aboabo da Asawasi a Kumasi, babu wanda bai ji zafin abin ba. Mu tuna irin alkawuran da muka ɗauka a lokacin. Mun ce in Allah ya sa aka buɗe masallaci, ba za mu ƙara barin jam'i ya wuce mu ba. To, an buɗe. Kowa ya tambayi kansa inda alkawarinsa ya kwana.

ANNABI YUNUSA DA FIR'AUNA

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Komawa ga Allah a lokacin tsanani ba laifi ba ne, shi ne ma abin da ake so. Annabi Ayuba (A.S.) ya kai kukansa ga Ubangijinsa da cuta ta daɗe a jikinsa, aka yaye masa. A ranar Badar, 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka fuskanci Kuraishawa kusan 1,000, Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗaga hannuwansa yana ƙanƙan da kai har mayafinsa ya zame daga kafaɗunsa, Sayyidina Abubakar ya ɗauka ya mayar masa. Wanda wuya ta same shi bai roƙi Allah ba, shi ne ya fi kowa hasara. Inda gizo yake saƙa shi ne a ce bawa bai san hanyar ƙofar ba sai ranar da wuta ta kama gemunsa.

Malaman tafsiri sukan jera mutum biyu da ruwa ya rufe, don mu ga bambanci. Annabi Yunusa (A.S.) yana cikin kifi, cikin teku, cikin dare, ya kira Ubangijinsa aka amsa masa. Suratus Saffat, aya ta 143 da ta 144, ta faɗi dalili: ya kasance cikin masu tasbihi, ba don haka ba da ya zauna a cikin kifin har ranar tashin ƙiyama. Da yawa daga magabata sun fassara wannan da ibadar da ya gabatar tun yana cikin yalwa. Fir'auna shi ma ruwa ya kai masa wuya ya furta imani, amma a Suratu Yunus, aya ta 91, aka mayar masa da cewa sai yanzu, bayan ya ƙare rayuwarsa cikin saɓo da ɓarna? Dukkansu sun yi kira a cikin ruwa. Abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu ya yi da kwanakinsa na tudu.

Wannan shi ne abin da Annabi (S.A.W.) ya koya wa Abdullahi ɗan Abbas tun yana yaro, a hadisin da da yawanmu muka haddace a makaranta cikin Arba'una ta Imam Nawawi, na 19: bawa ya nemi sanin Allah a lokacin yalwa, sai Allah ya san shi a lokacin tsanani. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mai son a amsa masa ranar baƙin ciki, to ya yawaita addu'a a ranar jin daɗi. Ko a zamanmu na duniya mun san haka. Mutumin da ba ya zuwa sunanka, ba ya zuwa jana'izar gidanku, ba ya gaishe ka a hanya, sai ranar da mai gidan haya ya ba shi wa'adi ya zo yana ƙwanƙwasa maka ƙofa, da wace fuska zai tsaya? Allah ya fi ƙarfin a kwatanta shi da bayinsa, kuma rahamarsa ta yalwaci mai zuwa a makare. Amma ita kunya ai tamu ce.

Mu duba kuma labarin mutum uku da dutse ya toshe musu bakin kogo, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ɗaya ya roƙi Allah da biyayyar da ya yi wa iyayensa tsofaffi. Na biyu ya roƙa da barin zina da ya yi a lokacin da ya sami cikakken iko a kanta. Na uku ya roƙa da haƙƙin ɗan ƙwadago da ya juya masa har ya zama garke, ya miƙa masa duka. Babu ko ɗaya a cikin ayyukan nan da aka yi shi a cikin kogo. Guzuri ne da suka tanada tun suna da lafiya da sarari. Idan namu dutsen ya faɗo gobe, da me za mu roƙa?

DAƊI MA JARRABAWA CE

Da yawanmu muna zaton talauci da ciwo su kaɗai ne jarrabawa. Annabi Sulaimanu (A.S.), wanda aka ba mulkin da ba a ba kowa ba, da ya ga gadon sarautar sarauniyar Saba a gabansa, bai buga ƙirji ba. Suratun Namli, aya ta 40, ta nuna cewa ya ɗauki abin a matsayin gwaji daga Ubangijinsa, a ga ko zai gode ko zai butulce. Manzon Allah (S.A.W.) kuwa yakan yi tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura, Nana A'isha ta tambaye shi dalili alhali an gafarta masa, ya nuna mata cewa godiya ce take tsayar da shi. Da ya shiga Makka da nasara a shekara ta 8 bayan hijira, kansa a sunkuye ya shiga a kan taguwarsa saboda ƙanƙan da kai. Shi ne dai wanda ya yi kuka a Badar, nasara ba ta canja shi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da ka sayi sabon babur, ko aka yaye ka daga wajen mai gidanka ka buɗe naka shagon, ko 'yar'uwa ranar da aka kai ki ɗakinki, wannan ranar ce ta fi bukatar addu'a. Mai wahala wahalarsa tana tuna masa da Allah. Mai jin daɗi kuwa babu mai tuna masa sai in ya tuna wa kansa. Kuma Allah ya yi alkawari a Suratu Ibrahim, aya ta 7, cewa godiya tana jawo ƙari, butulci kuma yana jawo azaba.

ABIN DA KE TARE ADDU'A

Dole mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Muslim ya ruwaito labarin matafiyi mai ƙura a jiki, gashi a hargitse, yana ɗaga hannu sama yana kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da suturarsa duk haram ne, Annabi (S.A.W.) ya nuna nisan amsa wa irin wannan. To ina ga saurayin da ya yaudari wani a intanet ta hanyar sakawa, har yana kai wa malami kuɗi a roƙa masa Allah ya sa mutumin ya aiko? Ina ga wanda ya zuba kuɗinsa a cacar ƙwallo, yana jan tasbaha don tikitinsa ya ci? Wannan izgili ne da addu'a. Duk malamin da ya karɓi irin wannan kuɗi ya san abin da ya karɓa.

Abu na biyu shi ne gaggawa. An gaya mana a hadisi ingantacce cewa ana amsa wa bawa muddin bai ƙosa ya ce ya roƙa ba a ba shi ba. Imam Ahmad ya ruwaito cewa addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunta a cikinta ba ta faɗuwa ƙasa banza: ko a ba bawa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa a lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonta. Wataƙila bizar da aka hana ka ita ce amsar addu'ar da mahaifiyarka take yi maka ta Allah ya tsare maka addininka.

Na uku, barin aiki. Mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da raƙumarsa an umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ɗalibi ya yi karatu ya yi addu'a, mara lafiya ya je asibiti ya yi addu'a, mai neman aiki ya koyi sana'a ya yi addu'a.

INA MAFITA?

Ba mu ce kowa ya zama waliyyi a dare ɗaya ba. Mu fara da salloli biyar a kan lokaci, musamman asuba, domin ita ce ma'aunin da ba ya ƙarya. Mu riƙi lokutan da aka ce ana amsawa: cikin sujada, tsakanin kiran salla da iƙama, sulusin dare na ƙarshe, da ranar Juma'a. Mu roƙi Allah da bakinmu, da harshen da muke ji. Wanda bai iya Larabci ba ya ɗaga hannu bayan salla ya faɗi damuwarsa da Hausa ko Dagbanci ko Tuwi, Allah ba ya bukatar tafinta. Neman addu'ar iyaye da mutanen kirki abu ne mai kyau, amma ba ya ɗauke wa mutum tasa. Suratul Baƙara, aya ta 186, ta tabbatar mana cewa Ubangijinmu makusanci ne, mai amsa kiran mai kira.

Sannan duk ranar da wani alheri ya same mu, kafin mu ɗauki waya mu sanar da abokai, mu yi alwala mu yi nafila raka'a biyu, mu fitar da sadaka ko da ta sidi biyu ce, ko mu saya wa wani maraya koko da ƙosai. Wanda kuma ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Allah a ranar wuya bai cika ba, to ya cika shi a wannan mako, tun da sauran numfashi.

Ya Allah ka sa mu cikin masu tuna ka a ƙunci da yalwa. Ka yaye wa marasa lafiyarmu, ka buɗa wa samarinmu hanyar halal, ka tsare 'yan'uwanmu da ke kan hanya da waɗanda ke ƙasashen waje, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, ka zaunar da zangoginmu da ƙasarmu lafiya. Amin.