Baƙin Giris da Hannun Bakanike

Kanikawan Suleja! Motocin da ke kwasar ma'aikata daga Madalla da Suleja zuwa Abuja tun da asuba, su dawo da su bayan isha, da hannunku suke tafiya. Duk da haka wani sai ya ga baƙin giris a faratanku ya janye hannu wajen gaisuwa. Bar shi, bai san abin da ke cikin baƙin nan ba.

Giris ɗin da kuke cusawa a kan shaf kafin ku ja roba ku ɗaure, baƙinsa na wani ma'adini ne, haɗin ƙarfen molibdinam da farar wuta. A dutse ake haƙo shi. Ƙwayoyinsa a shimfiɗe suke hawa-hawa: layin ƙarfe a tsakiya, farar wuta sama da ƙasa. Kowace shimfiɗa a ɗaure take tam, amma tsakaninta da ta kusa da ita riƙon sako-sako ne, sai su riƙa zamewa kamar sabuwar karta a hannu. Shi ya sa ko nauyi ya matse man ya fita, garin ma'adinin yana nan manne da ƙarfe, yana hana shi cin ɗan'uwansa.

Turawa sun daɗe suna ɗaukar dutsen nan a matsayin dalma ko bakin fensir, har 1778 da Carl Scheele na Suwidin ya nuna wani abu ne daban. Tsarin cikinsa kuwa sai 1923 aka gano shi a Amurka da hoton eksire, aikin Roscoe Dickinson da wani ɗalibi ɗan shekara 22, Linus Pauling. Yaron shago ne shi ma a lokacin, a ƙarƙashin maigida! A 1954 ya karɓi kyautar Nobel. A shekarar nan kuma Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a nan Suleja, lokacin ana kiran sa Abuja. Yau hotonta ne a bayan naira 20, kuma da laka a hannu ta kai can.

To, ku riƙe sana'arku da mutunci. Wanda ke jin ƙas-ƙas in mota ta karya kwana ya ce shaf ne, ba tare da ya kwance komai ba, ilimi gare shi, ko da babu takarda. Sai dai ilimi yana da hakki. In roba ta yage ƙasa ta shiga, kada a ƙara giris a kan datti a sallami mai mota. A wanke tas, a sa sabo, a canza robar. Kada a bar gwangwani a buɗe ƙura ta sha shi.

Iyayen gida, in yaro ya tambayi dalili, ku gaya masa, kada ku tsaya ga "miƙo sifana". Samari kuma, ku yi ta tambaya har ku gane. Allah Ya sa albarka a gumin kowa.